Duwatsun Sale da Gonar Goggo Delu

Bana ruwa ya yi mana rowa har sai da muka fara duban juna, sannan da ya tashi zuwa ya zo gaba ɗaya, ciyawa ta biyo shi a guje. Amma yanzu wa ke tsoron ciyawa? Mutum ya goya tankin feshi a baya, kafin azahar ya gama da gonar da a da sai mutum ashirin. Ina zaune a zaure ina kallon masu feshin suna wucewa, jikata Rabi da ta zo hutu daga jami'a ta baje littattafanta a tabarma. Na leƙa ɗaya, sai na ga ɗige-ɗige an haɗa su da layuka kamar saƙar gizo. Na ce mata mene ne wannan. Ta ce, "Tsoho, wannan ya fi ƙarfinka, lissafin 'yan kwamfuta ne." Na ce, "Ke tafi can. Na ga wannan a ƙasa da duwatsu tun ba a haifi uwarki ba." Ta yi dariya, ta ɗauka wasan kaka da jika ne. Ni kuwa raina ya riga ya tafi wata damina.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan ce, lokacin ana sabon saba wa naira, tsofaffi suna ta mayar da ita fam da sule a ka kafin su gane. Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, cikin duwatsu. Rani ya same mu rumbuna wayam. Mutanen arewa sun yi ta wucewa ta wajen Babura da ragowar shanunsu, ƙashi da fata, wasu ko sandar kiwon ce kawai ta rage musu. Mu ma ɗin abin da ya raba mu da su kaɗan ne. Ganyen tafasa da yaɗiya muka koma, a ɗan barbaɗa ƙuli in an samu. Dusar da ake ba akuya, mata suka riƙa tankaɗe ta suna dama kunu. In ka miƙe tsaye da sauri sai ka ga duhu-duhu, ka dafa bango.

Samari kuma rabi sun gudu. Kuɗin mai ya fara shigowa birni, ana ta gine-gine a Kano, duk mai ƙarfin ɗaukar kwanon siminti ya hau mota. Da aka ƙirga waɗanda za su iya riƙe fartanya daga safe zuwa la'asar, ba mu kai hamsin ba. Ni ne sarkin samari a lokacin, sunana Idi, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Tsara gayya aikina ne: ni ke cewa yau gonar wane, gobe ta wane, ni ke raba goro, ni ke tsayawa kusa da mai ganga. Ba wani abu ba ne a idon duniya, amma shi ke nan abin da nake da shi.

Sai ga Sale ya zo dogon hutu. Sale ɗan Goggo Delu ne, ƙanwar babana, wato taubashina. Tare aka kai mu firamare, benci ɗaya. Kuma bari in faɗa, tunda babu wanda zai faɗa mini: na fi shi lissafi. Wallahi na fi shi. Ni nake yi masa na gida yana ba ni gyaɗa. Amma ni ne babba a gidanmu, babana ya ce gona ba za ta nome kanta ba, ya cire ni a aji shida. Sale kuwa ubansa ya rasu, ba mai cire shi, sai ya yi ta tafiya, sakandare, har jami'a. Ya dawo da farar riga mai aljihu, biro biyu a ciki, da agogo a hannu. Yara na bin sa, tsofaffin da ke kirana "kai Idi" suna ce masa "Malam Sale". Duk lokacin da na ji wannan Malam ɗin sai in ji kamar an ɗora mini garwashi a ƙirji.

Shi kuwa bai san ina yi ba. Ya same ni gindin tsamiya ya ce, "Ɗan namiji, har yanzu kana nan kana cin zalin samarin gari?"

Na ce, "Ɗan mace, me ake koya muku a can? Yadda ake cin tuwo da cokali?"

Ya zauna ya buɗe mini wani littafi mai kauri. Ya ce wani irin lissafi ne da ba ruwansa da awon tsawo ko nauyi, na abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai ne: mutane, gidaje, hanyoyi, da yadda suke haɗuwa da juna. Hanya nawa za a jera mutum biyar a sahu. In wannan gaskiya ne, me ya zama dole ya biyo baya. Ya ce kuma ba a yarda da "ina jin haka ne", sai ka kawo hujjar da ba mai iya tankwara ta. Abin haushin, na gane duk abin da ya faɗa. Na gane sarai, har na riga shi ba da amsar ta mutum biyar ɗin. Ya buga cinya ya ce, "Kai, Idi, da kai aka tura!" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shuka biyu ta mutu a wannan shekarar. Ta farko binne muka yi tun kafin ruwa ya sauka, yayyafi ya taɓa ta, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Ta biyu tsutsa ta cinye. Ta uku da ragowar irin da kowa ya ɓoye a tulu aka yi ta, kuma kowa ya san babu ta huɗu. Ita ce ta kama. Ruwa ya sauka kwana bayan kwana, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika tafki da kuka. Amma gero bai kai tsawon yatsa ba harƙiya ta taso ta fi shi. Dattawa suka duba suka ce in ba a yi noman farko cikin mako guda ba, sai dai a yi wa dabbobi girbi.

Gona goma sha ɗaya ce ke buƙatar gayya, ta tsofaffi da waɗanda 'ya'yansu suka tafi birni. Ta Goggo Delu na ciki, don Sale ne kaɗai ɗanta namiji, hannunsa kuwa ya yi laushi kamar na jariri. A al'adarmu gayya ɗaya ake yi a rana, a fara daga manya a gangaro. Gonar mace mai zaman kanta ita ce ta ƙarshe.

Aka taru a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Na tashi na fara jera sunaye yadda aka saba. Sale ya ɗaga hannu kamar a aji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Mako guda aka ce. A cire Juma'a, a cire ranar kasuwa, saura kwana biyar. Gona sha ɗaya a kwana biyar, ko ta yaya aka juya sai an haɗa wasu rana ɗaya. In ba a haɗa ba, shida sun tafi."

Wani dattijo ya ce, "Yaro, ba a haɗa gayya. Mutum ɗaya zai rabu biyu ne? Wanda ya wajaba ya je gonar kawunsa, in ta haɗu da ta surukinsa fa?"

Sale ya ce, "To wannan shi ne abin da za mu duba, Baba."

Ya tsinto duwatsu sha ɗaya ya baje su a ƙasa, kowane dutse gona guda. Ya ce duk gonaki biyun da mutanensu ɗaya ne, ko matan da za su yi musu girki ɗaya ne, za a ja layi a tsakaninsu, ma'ana ba za su haɗu rana ɗaya ba. Waɗanda ba layi a tsakaninsu kuwa ba abin da ya hana. Sannan ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, "Ni ban san dangantakar garin nan ba yadda Idi ya sani. Shi zai faɗa, ni in ja."

Ka ji fa. Ni ne mai faɗa, shi ne mai ja. Na tsuguna ina lissafo masa: wannan da wannan wa da ƙane ne, wannan matarsa 'yar gidan wancan ce, waɗannan tukunya ɗaya suke aro. Yana ja da tsinke. Da muka gama ya aika aka kawo toka, da gawayi, da jar ƙasa, da ɗanyen ganye. Ya riƙa ɗora wa kowane dutse alama, yana lura kada biyun da layi ya haɗa su sami iri ɗaya. Ya goge, ya sake, ya goge. Can ya miƙe ya ce kwana huɗu sun isa: masu toka ranar farko, masu jar ƙasa ta biyu, masu ganye ta uku, masu gawayi ta huɗu.

Dagaci ya ce, "Ba za a iya a uku ba?"

Sale ya nuna duwatsu huɗu na 'yan'uwan gidan wanzamai, kowane da layi zuwa sauran ukun. Ya ce, "Waɗannan huɗun kowa sai da ranarsa, ranka ya daɗe. Ko wa aka kira ba zai iya rage ta ƙasa da huɗu ba."

Wurin ya ɗauki salati. Liman ya ce ashe boko ma yana da ranarsa. Babana, babana da ya cire ni daga makaranta, ya dafa kan Sale ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka fitar da mu kunya." Ni ina tsugune da ƙasa a gwiwa, ba wanda ya ko dube ni.

Akwai layi ɗaya da ban faɗa ba. Ba mantuwa na yi ba, yana bakina na haɗiye shi. Mutanen da za su je wa Goggo Delu samarin Unguwar Gabas ne, dangin marigayi mijinta, su goma sha biyu, babbansu Ɗanjuma. To Ɗanjuma yana neman 'yar Alhaji Mati na Unguwar Yamma, maganar ba ta fito fili ba tukuna, ni da kawunsa muka kai goron farko kwana goma kafin nan. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mai neman aure ba ya rasa gayyar suruki, ba shi kaɗai ba, da duk abokansa, don a nan ake auna shi. A idon Sale, gabas daban yamma daban, ba abin da ya haɗa su. Ina kallo ya ɗora gawayi a dutsen Alhaji Mati, ya ɗora gawayi a dutsen uwarsa.

Ɗanjuma ba zai iya buɗe baki a gaban manya ya ambaci gidan surukai ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai da aka watse ya biyo ni ya ce, "Sarki, ranar Goggo ta haɗu da ta can gidan fa."

Na ce, "Na gani. Je ka abinka, ni zan san yadda za a yi da ta Goggo."

Abin da na shirya a raina ƙarami ne, ko in ce haka na gaya wa kaina. A bar Malam Sale ya tsaya a gonar uwarsa da safe shi da biro, gari ya gani. Da azahar in kwaso samari daga gonar Alhaji mu zo mu share ta kafin magariba. Kowa ya san wanda ya iya zane, ya kuma san wanda ya iya gayya.

Kwana ukun farko abin ya tafi kamar an shafa mai. Ganga na tashi ta nan, wata na amsawa ta can bayan dutse. Gona takwas a kwana uku, abin da ba a taɓa yi ba. Mutane na noma da yunwa a ciki, gumi na zuba cikin ido, a ɗaure ciki da rawani a ci gaba. Duk inda aka zauna shan fura, in an samu furar, zancen duwatsun Sale ake. Har mai ganga ya sa shi a kiɗa. Shekara huɗu ina tsaye kusa da mutumin nan ina ba shi goro, bai taɓa kiran sunana da ganga ba.

Ba a gayya sai da abinci, wannan kowa ya sani. Ranar Litinin da yamma na bi ta gidan Goggo na tarar tana shara a cikin rumbu da tsintsiya, tana tattara abin da ya maƙale a ƙasa. Ta haɗa da 'yar dawar da za ta ci har kaka, ta jiƙa duka. Ta ce, "Idi, ɗan wana, gobe kada a ce gidan Delu an tashi da yunwa. In gona ta yi, ai an mayar." Ta ɗebo mini gaya ɗaya na fura ta ce in taɓa. Na karɓa na sha. A nan ya kamata in yi magana, har na tsaya a bakin ƙofa, amma sai na hango Sale a ɗaki yana kwafe zanen nan a takarda, yana 'yar waƙarsa. Na sa kai na fita.

Talata gari ya waye da zafi mai ɗauri, iska ko motsi. Muka shiga gonar Alhaji Mati mu kusan talatin. Gonar ta fi yadda na zata, ƙasar kuma ta riƙe ruwa, kowace fartanya sai ka girgiza ta. 'Yar Alhajin ta kawo ruwa da ƙawayenta, Ɗanjuma ya haukace da noma, abokansa suka bi shi, ba mai jin kira. Azahar ta yi ba mu ci rabi ba. Na ce a yanki mutum goma su bi ni, Alhaji ya ce haba sarkin samari, a bar aiki a tsakiya? Ina cikin wannan gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai bakin gona ruwa ya sauko kamar ana juye tulu.

A guje na isa gonar Goggo, jiƙe sharkaf. Mutum uku na tarar: Sale, da wani tsoho maƙwabcinsu, da Goggo kanta ta ɗaure zane tana cirar ciyawa da hannu. Kunya bakwai suka yi tun safe. Gindin bishiyar ƙirya ga ƙwarya shida a jere an rufe da faifai, tuwo da fura na mutum goma sha biyu, ruwa na shiga ta gefe. Tafin hannun Sale ya fashe, jini na bin ƙotar fartanya.

Goggo ta ce, "Idi, ko lafiya? Ko wani abu ya sami yaran?"

Na ce, "Suna gonar Alhaji Mati, Goggo. An sami haɗuwa."

Ta dubi ƙoren nan, ta ce mu ɗauka mu kai wa yaran unguwa kafin ya lalace.

Ruwan bai ɗauke ba sai da ya kwana uku yana yi yana hutawa. Da ƙasa ta sha iska kowa ya ruga tasa gonar, don tasa ma ta cika. Goggo ba ta da ƙwayar da za ta sake kiran gayya, mai yunwa kuwa ba ya noma wa wani a kan ruwan rijiya. Ni da Sale muka shiga mu biyu, kwana tara, muka ceci abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran harƙiya ta shanye, geron ya yi rawaya ya tsaya a gwiwa.

Gari kuwa ya juya. Waɗanda suka yi salati su ne suka ce dama sun faɗa, ba a haɗa gayya. Aka manta da gona goman da aka ceta, aka riƙe ɗayar. Yara suka riƙa jera duwatsu a hanya suna kiran "Malam Sale, zo ka nome". Dagaci ya kira ni ya ce maimai, wato noma na biyu, a yi shi yadda aka saba, ni zan tsara. Zan yi ƙarya in na ce ban ji daɗi ba. Na ji, har cikin ƙashina, na kwana biyu. Sale bai kare kansa ba ko sau ɗaya. In an tsokane shi sai ya ce, "Lissafin daidai yake, tambayata ce ba ta cika ba." Kullum takardar nan na aljihunsa, yana bin gida-gida yana tambayar wa ya haɗa da wa.

Da kaka Goggo ta ɗaure dami shida a gonar da take ba da talatin. Ba zai kai ta ko tsakiyar rani ba. Sale ya ce ba zai koma ya bar ta ba, ya samo ɗaki a birni wajen wani abokin babansa, zai riƙa koyarwa da yamma yana ciyar da ita. Matar da ba ta taɓa kwana a wajen ƙasar Roni ba, aka ɗaure mata tukwane da tabarma a buhu.

Ranar tafiya na raka su bakin hanya jiran motar Kazaure. Sale ya ja ni gefe ya zaro takardar, ta yi laushi don ninki. Ya nuna mini ɗigo biyu, ya ja layi a tsakaninsu da biro, a hankali.

Ya ce, "Ɗanjuma ya gaya mini wanda ya kai goron."

Na buɗe baki zan yi magana.

Ya ce, "Bar shi. Inna ba ta sani ba, kuma kada ka gaya mata. Gara ta tafi da cewa ɗanta ne ya yi kuskure, wannan za ta iya yafewa ta manta. Kai kuma ba ta da wani ɗan wa da take ji da shi kamar kai."

Na so ya mare ni. Na so ya tara gari ya tona ni, mu yi dambe a bakin hanyar nan, in ji mun yi daidai ko sau ɗaya. Ya ƙi. Har a nan ma sai da ya fi ni, kuma Allah ya sani a wannan lokacin ma haushinsa na ji kafin in ji kunya.

Motar ta tsaya, yaran mota suka fara jefa kaya sama. Goggo ta kira ni, ta kama hannuna biyu a gaban babana da duk wanda ya zo rakiya.

Ta ce, "Idi, gonar nan na bar ta a hannunka. Kai ka tsaya mini kwana tara lokacin da kowa ya watse. Ka noma ka ci, Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini."

Jama'a suka ce amin. Sale yana tsaye a bayanta yana kallona, shi ma ya ce amin. Na durƙusa har ƙasa na ce na gode, Goggo. Ba ta sake ganin garin ba, a can birni aka binne ta bayan shekara huɗu, kuma har ta rasu duk mai zuwa gida sai ta ba shi saƙon gaisuwa gare ni.